Maraɗi zuwa Yamai awa ɗaya da kwata ce, amma ba ga mutumin Gazawa ba

Tsakanin filin jirgin saman Maraɗi da filin Diori Hamani na birnin Yamai, kilomita kusan 535 ne a miƙe. Jirgi mai farfela irin Fokker 50 ko ATR 72, wato irin jiragen da suka dace da gajeren zango, yana cin kilomita kusan 500 a cikin awa guda idan ya daidaita a sama. In aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da kwata, ko da rabi in iska ba ta ba da haɗin kai ba. A ƙasa kuwa, babbar hanya mai lamba 1, wadda ake yi wa laƙabi da hanyar haɗin kan ƙasa, tana jan matafiyi kilomita kusan 660 ta Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Motar kar da ta bar tashar Maraɗi da asuba ba ta shiga Yamai sai tsakanin azahar da la'asar, shi ma idan taya ba ta fashe ba, kuma ba a daɗe a shingayen bincike ba.

Duk wanda aka ajiye wa waɗannan alƙaluma biyu, awa ɗaya da kwata da kuma awa tara ko goma, zai ce ai babu abin tattaunawa. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Lissafin jirgi daga titin tashi yake farawa, ya ƙare a titin sauka, kuma babu wanda gidansa yake kan titin filin jirgi. Mutanen gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna jimillarsu ta haura dubu 900, daga ƙofar gida suke fara ƙirga lokaci. Idan aka yi lissafin daga can, za a ga cewa babban abin da ke cinye musu lokaci shi ne rashin sanin ranar da jirgi zai zo, da rashin tabbacin cewa in an faɗi ranar za a cika alkawari. Jihar Maraɗi ta fi buƙatar jadawalin da ba ya tashi, fiye da sabon gini ko sabon suna a ƙofar filin jirginta.

Lissafi daga ƙofar gida

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke zaune a Gazawa, wanda uzuri ya taso masa a Yamai. Tsakaninsa da Maraɗi kilomita kusan 100 ne, ta Agye da Cadawa. Kwalta ce, amma motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma tana tsayawa gari-gari tana saukewa tana ɗauka, don haka a ba ta awa biyu. A filin jirgi ana son fasinja ya iso da wuri domin awon kaya da bincike, a ce awa ɗaya da rabi. Sai awa ɗaya da kwata a sama. Sai jiran jaka da neman motar shiga gari, wanda shi ma zai ci rabin awa ko fiye. Jimilla awa biyar da kwata zuwa shida. Da a ce ya tare motar kar mai fitowa daga Damagaram a bakin hanya, kilomita kusan 760 ne a gabansa, awa goma sha ɗaya ko sha biyu ke nan. Wato jirgin ya rage masa rabin tafiya. Rabin tafiya ba abin rainawa ba ne, musamman ga tsoho ko mai jinya, amma ya yi nisa da abin da alƙaluman farko suka nuna.

Kuma duk wannan lissafin ya ginu ne a kan cewa akwai jirgi a ranar. A ƙaddara sau biyu jirgin ke zuwa a mako, misali Litinin da Alhamis. Wanda uzurinsa ya taso ranar Juma'a da hantsi, kwana uku zai zauna jira. Maƙwabcinsa da ya hau kar ranar Asabar ya riga ya isa, ya kwana, ya gama abin da ya kai shi, ƙila ma ya kamo hanyar gida, jirgin bai taso daga Yamai ba. Idan kuma ranar Litinin ɗin aka wayi gari da sanarwar an ɗage tashi, sai mutumin ya koma tashar da ya guje wa tun farko, bayan ya yi asarar kuɗin mota zuwa Maraɗi, da na masauki, da kwana uku na sana'arsa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi sau ɗaya, da wuya ya sake gwadawa, kuma zai ba duk majalisarsu labari.

A nan ne kamfanonin sufuri irin su Rimbo, STM da Al Izza suka kama zuciyar matafiya. Motocinsu ba su da saurin jirgi, amma ko yaro a Maraɗi ya san gobe da asuba akwai motar Yamai, jibi ma akwai. Mutum zai iya yi wa wani alkawari a kan wannan sanin, ya karɓi ranar ganin likita, ya sayi tikitin jirgin ƙasashen waje, ya ce wa mai kaya ga ranar da zai iso.

Lamarin Gidan Rumji ma har da ban dariya a ciki. Garin yana kan hanyar Yamai ne, kilomita kusan 50 daga Maraɗi ta ɓangaren yamma. Wanda zai hau jirgi daga can sai ya fara juya wa Yamai baya, ya yi gabas na kusan awa guda, sannan jirgin ya ɗauke shi ya sake ratsa sararin gundumarsu. Wannan kuma ga wanda ke cikin garin Gidan Rumji ke nan. Na ƙauyukan Gidan Sori, Cadakori ko Saye Sabuwa, da na Gangara a can ɓangaren Gazawa, tafiyarsu da yashi take farawa, a bayan kabu-kabu ko a kan amalanke, kuma da damina in gulbi ya kawo, kilomita 20 na farko za su iya cin lokacin da ya fi na jirgin gaba ɗaya.

Akwai kuma batun tsaro, wanda mazauna manyan birane kan manta da shi idan suna tsara lokuta. Tun 2019 kudancin gundumar Gidan Rumji ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, kuma 'yan bindigar da suka koro su ba su san iyaka ba. A irin waɗannan ƙauyuka babu mai fita kafin gari ya waye sarai, babu mai son magariba ta same shi a daji. Jirgin da zai tashi ƙarfe takwas na safe, ga mutumin can, yana nufin kwana a Maraɗi. Jirgin da zai sauka bayan la'asar shi ma haka. Duk jadawalin da ba a yi la'akari da wannan ba, na mazauna cikin birnin Maraɗi ne kaɗai.

Zangon ƙarshe na ɗan ci-rani

Babu wanda ya san zafin wannan lissafi kamar mazauna ƙasashen waje. Daga Kasablanka zuwa Yamai kilomita kusan 2,400 ne, kuma jirgi na cinye su cikin abin da bai kai awa huɗu ba. Ɗan Agye da ya biyo wannan hanya, galibi cikin dare zai sauka, ya lallaɓa tasha ya jira motar asuba, sannan ya fuskanci kilomita kusan 740. Zangon da bai kai sulusin na farko tsawo ba, shi ne zai ci masa ninki uku na lokaci. Wanda maigidansa ya ba shi hutun mako biyu, kwana biyu cur sun tafi a kujerar mota, zuwa da komawa, ban da ranar warware gajiya.

Ba kowace tafiya ce ta hutu ba. Akwai wadda ke farawa da kiran waya cikin dare, ƙane ko ƙanwa na cewa jikin Inna ya yi tsanani. Kowa ya san ba a ajiye gawa don jiran na nesa, don haka wanda ke Abijan, Tarabulus ko Jidda bai sa ran samun jana'iza. Fatansa ya iske mahaifiyarsa da rai, in kuma Allah bai nufa ba, ya samu zaman makoki kafin a watse a kwana na uku. Sau da yawa abin da ke yanke wannan hukunci shi ne zangon ƙarshe, daga Yamai zuwa gida.

Shi ya sa da yawa daga cikin 'yan jihar Maraɗi ba ta Yamai suke shigowa ba. Taswira ma tana goyon bayansu. Tsakanin filin jirgin Maraɗi da filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina kilomita kusan 80 ne kacal a miƙe. Daga garin Agye, filin Katsina ya fi na Maraɗi kusa idan aka ja miƙaƙƙen layi: na farko bai kai kilomita 60 ba, na biyu kusan 70, ko da yake hanyar mota ba ta bin layin taswira. Filin Malam Aminu Kano kuwa kilomita kusan 220 ne daga na Maraɗi, tafiyar da jirgi mai farfela ba zai kai minti 45 a kanta ba, a mota kuma kilomita 260 da 'yan kai ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina. Daga Kano ana tashi kai tsaye zuwa Jidda, Alƙahira da Adis Ababa. Ga mutumin Maraɗi, ƙofar duniya mafi kusa tana Kano, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1925 jirage suka fara sauka a Kano. Sarautar Katsina ce a Maraɗi, ta Gobir ce a Tibiri, kuma dukiyar Alhazan Maraɗi da ake ba da labari a kan wannan hanya ta kudu aka tara ta.

Amma babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kai a kai tsakanin Maraɗi da Kano, duk da cewa Nijar da Najeriya suna cikin ƙasashen da suka amince da shirin kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya ta Afirka, wanda aka ƙaddamar a Adis Ababa a watan Janairun 2018. Hanyar ƙasan kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna ba a jingina da ita a yi barci. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka ta ƙasa da ta sama. Ranar 6 ga Agusta mahukuntan Yamai suka rufe sararin samaniyar Nijar, sai 4 ga Satumba aka sake buɗe shi. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar ƙasashen biyu kuma sai cikin watan Maris ta buɗe. A waɗannan watanni, kilomita 80 da ke tsakanin filayen Maraɗi da Katsina ba su da wani amfani ga mai fasfo da jaka. Ko da iyaka a buɗe, hanyar Jibiya zuwa Katsina ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma ba kowa ne ke yarda ya bi ta da iyalinsa bayan rana ta yi sanyi ba.

Abin da wannan ke nunawa shi ne jihar na buƙatar ƙofofin biyu, ta Yamai da ta Kano, kowace a tsaye da ƙafarta. Siyasa na iya rufe ɗaya a kowane lokaci, kamar yadda aka gani.

"Ai jirgi na masu kuɗi ne"

Wannan ita ce amsar da aka fi ji idan aka tada zancen, kuma akwai gaskiya a cikinta. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, kuma tikitin jirgin cikin gida na zuwa kaɗai ya zarce haka. Manomin aya a Cadawa, ko mai kiwon jajayen awaki a ƙauyen Cadakori, abin da ke gabansa shi ne taki, da rijiya, da hanyar da za ta fitar masa da kaya kasuwa da damina. In kuɗin gwamnati kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ne, hanyoyin karkara su ne gaba. Kowace jika da aka zuba a hanyar latarit daga ƙauye zuwa kwalta tana amfanar mai hawa kar da mai hawa jirgi baki ɗaya. Babu mai hankalin da zai ce a bar wannan a koma sayen jirage.

Inda amsar ta gaza shi ne zaton cewa wanda ya zauna a kujerar jirgi shi kaɗai ke cin moriyarsa. Ƙwararren likitan da ke Yamai zai yarda ya zo babban asibitin Maraɗi ya yi aikin kwana biyu ya koma idan tafiyar ta awa uku ce daga ƙofa zuwa ƙofa. In kwana biyu zai ɓata a hanya domin aikin kwana biyu, sai ya ce a turo masa marasa lafiyan. Waɗanda za a tura ɗin su ne talakawan Agye da Gazawa. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, wadda ta fara gashin cutar a 2021, a Yamai take. Matar da ke fama da wannan ciwo a ƙauyen Gangara awa goma sha biyu za ta yi a zaune, ta tsallake kowane tudun rage gudu da ke tsakanin Gazawa da Doso, kuma ba sau ɗaya za ta je ba. Haka malamin da zai zo koyarwa jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da makanikin da zai gyara na'urar asibiti ko ta masana'anta, da mai sayen aya da riɗi daga waje wanda ke son ya ga kaya da idonsa kafin ya biya. Duk waɗannan in ba su zo ba, wanda bai taɓa taka filin jirgi ba ne ke biyan farashin.

Sannan daminar 2024 ta koyar da darasi. A watan Agusta ruwa ya yanke babbar hanyar a kusa da Yamai, motoci suka yi cirko-cirko. Jihar da tun 2012 take da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, kuma ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa, bai kamata alaƙarta da babban birni ta rataya a kan kwalta guda ba.

Ba wai jirage ba sa sauka a Maraɗi ba ne. Jiragen jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ake kira UNHAS kuma hukumar abinci ta duniya ke tafiyar da su, sun daɗe suna haɗa Yamai da Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa. Na ma'aikatan agaji ne, ɗan kasuwa ko ɗalibi ba ya sayen kujera a ciki, sai dai ya ji ƙararsu ya ɗaga kai. Amma sun tabbatar da abu biyu: filin yana ɗaukar irin jirgin da ake buƙata, kuma ana iya fitar da jadawali tun gaba mutane su tsara aikinsu a kansa.

A ɓangaren kasuwanci labarin na faɗi-tashi ne. Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe a 2002. Kamfanin Niger Airlines ya fara aiki a 2014 da jirgi ƙirar Fokker 50, yana haɗa Yamai da manyan garuruwan jihohi, ciki har da Maraɗi. Matsalar kowane ƙaramin kamfanin jirage a duniya iri ɗaya ce: idan jirage ɗaya ko biyu gare shi, ranar da ɗaya ya shiga gyara jadawalin mako ya rushe. Kayan gyara daga waje suke, da kuɗin waje ake saye. In fasinja ba su da tabbas ba sa zuwa, in ba su zo ba kujeru na tafiya fanko, kamfani ya rage ranaku ko ya ƙara kuɗi, fasinjan su ƙara guduwa. Ɗan kasuwa shi kaɗai ba ya iya fita daga wannan zagaye.

Abin takaicin shi ne ƙasar ba ta rasa masana ba. A Yamai ne makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA take, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama. An kuma nuna ana iya kashe kuɗi idan an so: kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin Diori Hamani gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, Maraɗi ma ta ga nata rabon gine-gine a bikin 18 ga Disamban 2015 da aka yi wa suna Maraɗi Kwalliya. Gini ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto. Jadawali ba shi da ranar buki, aiki ne na kowace safiya, shi ya sa bai cika burge 'yan siyasa ba.

Abin da za a iya yi ba tare da sayen jirgi ba

'Yan Nijar mazauna Kodebuwa sun san yadda Air Côte d'Ivoire ke tashi daga Abijan zuwa Korhogo, Buwake da San Pedro. A Amurka ma, ƙasar da ake yi wa kallon uwar jari-hujja, tun 1978 gwamnati ke biyan kamfanoni tallafi domin kada su daina sauka a ƙananan garuruwa. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: hukuma ta ɗauki wasu layuka a matsayin hidimar jama'a, kamar hanya ko gidan waya, ta ƙulla yarjejeniya da kamfani a kan ranaku da lokuta da farashin da ba za a wuce ba, ta cike giɓin, ta kuma ci tarar kamfanin in ya saɓa ba da hujja ba.

Kuɗin ma ba duka ne sabo ba. Kowane mako jami'an gwamnati da na ayyukan raya ƙasa suna kai da kawowa tsakanin Yamai da Maraɗi a manyan motoci, da direba, da mai, da kuɗin kwanan hanya. Da za a mayar da wani kaso na wannan zuwa kujerun jirgi da aka saya tun farkon shekara, kamfani zai san ko yaya aka yi akwai kujerun da an riga an biya, ya samu ƙarfin zuciyar tashi ko da sauran ba su cika ba. Daga cikin kujerun sai a ware kaɗan ga marasa lafiyar da asibiti ya tura Yamai.

Sai batun lokaci. Jirgin Maraɗi ya kamata a ɗaura shi da na ƙasashen waje, ta yadda wanda ya sauka Yamai da dare zai samu na safe, wanda zai fita kuma ya isa da rana ya tarar da na dare. Tashi daga Maraɗi da tsakar rana zai ba na Gazawa da na Gidan Sori damar barin gida bayan gari ya waye, su iso ba tare da kwana a hanya ba. Ƙaramar bas guda da za ta taso daga Tasawa ta biyo Gazawa, Agye da Cadawa, da wata daga Gidan Rumji ta biyo Tibiri, a kan tikiti ɗaya da na jirgin, za ta kawar da jiran cikar mota, wanda shi ne ɓarawon lokaci mafi girma a zangon farko. Tikitin kuma a riƙa sayar da shi a inda mutane suka saba zuwa, wato rassan aika kuɗi irin na Nita da Amana, yadda ɗa da ke Legas ko Aljeriya zai biya wa tsohonsa daga can.

Akwai abin da ba ya hannun kowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sararin yankin, har manyan filaye irin na Kano sukan soke tashi. Na'urorin taimaka wa jirgi sauka suna rage matsalar, ba sa kawar da ita. Abin da ke hannun mutane shi ne ƙa'ida bayyananniya: in an soke tashi a sanar da fasinja ta salula kafin ya bar Gazawa, a mayar masa da kuɗinsa a ranar, ko a sa shi a motar kar ba tare da ƙarin ko dala ba. Hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, ANAC, ta riƙa wallafa adadin tashin da aka yi a kan lokaci da wanda aka soke a kowane wata, kowa ya gani.

Lokaci kuma ba ya jiran Yamai. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, aikin kusan dala biliyan 2 da Najeriya ta ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Ranar da jirgin ƙasan ya fara shiga Maraɗi, filin Malam Aminu Kano zai ƙara matsowa, kuma ɗan Agye da ke Jidda zai riƙa kwatanta hanyoyi biyu kafin ya sayi tikiti. Wannan alheri ne ga jihar. Amma idan a lokacin babu tsayayyen jirgi zuwa Yamai, babban birnin ƙasar zai zama shi ne wuri mafi wahalar zuwa ga mutanen Maraɗi a cikin manyan biranen da ke kewaye da su, lamarin da ya kamata ya dami duk mai maganar haɗin kan ƙasa.

Matakin farko bai buƙatar kwangila ko bashi. Kafin a yi gardamar ko akwai fasinja ko babu, sai a ƙirga su. Ofishin gwamnan jiha da majalisar 'yan kasuwa ta Maraɗi za su iya neman sanin mutum nawa ke barin jihar zuwa Yamai a kowace asuba, nawa ne daga cikinsu suka taso daga Gazawa, Agye ko Gidan Rumji, nawa ke da jirgin waje a gabansu, nawa ke ɗauke da takardar likita. Sunayen da garuruwan da aka hau duk suna rubuce a takardun fasinja na tashoshin kar.